Taswirar nan mai tudu da kwari da na sawo ma yara, bayan wata huɗu a zaure

Wata huɗu ke nan da na sawo taswirar duniya irin wadda ake yi da roba, duwatsun cikinta sun taso sama kana shafawa da hannu kana jin su, kuma tun ranar da na rataye ta a zaure mutane ke tambayata ko ta ci kuɗinta, har da malaman da muke koyarwa tare. Tau ga abin da na gani, daɗinta da rashin daɗinta duka.

Ni malamin firamare ne nan cikin Katsina, bayan la'asar kuma ina yi ma yaran gidanmu da na maƙwabta lesin a zaure, su 11 ne yanzu. Abin da ya kai ni sayenta kau tambaya ce da ɗiyata ta tsakiya ta yi mani ranar da muka je biki Dutsinma. Muna shiga gari ta hango dutsen nan ta ce, Baba wannan da Kilimanjaro wanne ya fi tsawo? Ba wasa take ba, da gaske take tambaya, domin ita duk a rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da ya fi wannan ba. Kuma in ka duba ba laifinta ba ne, mu nan ƙasarmu shimfiɗe take, daga Katsina zuwa Daura ko Jibiya sai dai gona da fako da ɗan tudu nan da can, ga shi kuma a bakinmu komai dutse ne, dutsen niƙa dutse, dutsen guga dutse, wanda yaro zai sa a danƙo ya harbi tsuntsu dutse, Dala dutse, Everest ma dutse. Kalmar tsauni tana nan amma yaro nawa ke amfani da ita. Na sha zana masu a allo da alli, ɗan kusurwa uku kamar hular bukka, su kwafa su haddace su ci jarabawa, amma ba su ga komai ba.

A wani shagon littattafai na cikin gari na same ta, guda biyu kacal suka rage. Alhaji mai shagon ya ce dubu 22, na ce Alhaji a duba dai, na yara ne ba na ofis ba, muka daidaita a 18,500. Faɗinta ya kusa mita ɗaya, tana da huji huɗu na ƙusa, sannan akwai ɗan littafi da aka haɗo da ita cikin leda, da Turanci, wanda ke bayanin manyan jerin tsaunuka da inda sunayensu suka samo asali. Gaskiya ban ma san da littafin ba sai da na zo gida na buɗe, kuma yanzu ina ganin shi ne rabin kuɗin.

Ranar farko ban rataye ta ba, a kan tabarma na shimfiɗa ta na ce kowa ya rufe ido ya shafa. Wallahi abin da na yi shekaru ina faɗa da baki a minti biyar hannu ya koya masu. Suka bi gefen Amurka ta Kudu suka ji Andes ya miƙe kamar kunya guda daga sama har ƙasa, kilomita wajen 7,000 ya ratsa ƙasashe bakwai, suka zo Asiya hannu ya hau wani ƙaton tudu ya ƙi sauka, wato Tibet, ga Himalaya a bakinsa kamar katanga. Ƙaramin cikinsu ya ce, Malam nan ta kumbura, ko ta lalace ne? Na ce ba ta lalace ba, haka wurin yake. Daga nan na ɗauko darduma na sa yara biyu kowa ya turo ta daga gefensa, tsakiya ta tattare ta tashi, na ce tau haka aka yi, ɓawon ƙasa ba guda ɗaya ba ne, faranti-faranti ne suna motsi a hankali, na Indiya ya taho ya daki na Asiya shekaru wajen miliyan 50 da suka wuce kuma har yau bai daina turawa ba, shi ya sa a can ƙololuwar Everest, mita 8,849 sama da teku, ake samun dutse mai ɗauke da ɓurɓushin halittun ruwa, wurin da can ƙasan teku ne. A ƙarƙashin wurin kuma ɓawon ƙasa ya yi kauri har wajen kilomita 70, ninki biyu na yadda aka saba, ma'ana abin da ke binne ya fi abin da ido ke gani nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin manyan, wanda ke hadda, shi da kansa ya ce Malam kamar turke ke nan, yadda ya zo a suratu Amma. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Waɗancan na turo ke nan, sai iri na biyu, masu aman wuta. Waɗannan a taswirar za ka ji su tsaye su kaɗai kamar ƙurji, ba a jere ba. Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895, dutsen Kenya 5,199, dutsen Kamaru nan maƙwabtanmu ya ɗan haura 4,000 kuma shi da ransa, ya yi aman wuta a 1999 ya sake a 2000. Namu na nan kau, irin na Dutsinma da Kufena na Zariya da Kwatarkwashi da Zuma da ke jikin naira 100, ba turo su aka yi ba kuma ba amansu aka yi ba, tsohon dutse ne mai tauri da ya daskare a can cikin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta cin abin da ke kewaye da shi shekaru aru-aru har suka bar shi tsaye tsirara. Na ce masu kamar ka wanke tsakuwa daga cikin laka.

Wani abu da na gwada wanda ban ga an rubuta a littafin ba, tunda roba ce ba ta jin ruwa, na kwantar da ita na ɗauko buta na ɗiga ruwa a kan tuddan Gini. Ruwan ya gangara ya rabu. Nan na samu hanyar ba su labarin kogin Kwara, wanda ya taso kilomita 240 kacal daga teku amma tudu ya tare shi, sai ya juya baya ya nufi hamada ya bi ta kusa da Tambutu da Gawo da Yamai ya shigo Najeriya, tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya ga tekun da ya baro a bayansa. Haka tudun Jos yake raba ruwa, kogin Kaduna ya yi yamma, Gongola ya yi gabas, na Jama'are ya yi arewa. Ko nan jiharmu ai kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso. Batun sanyi ma ya zo da sauƙi, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da digiri wajen 6 da rabi, mu Katsina muna kan mita 500 da 'yan kai, Jos ta haura 1,200, shi ya sa dankalin Turawa ya fi yi can a kan nan, shi ya sa ake noman ganyen shayi a Mambila, shi ya sa kuma ƙanƙara ke zaune kan Kilimanjaro alhali ƙasan wurin rana ake kamar tamu.

Amma inda na fi daɗewa, har bayan yara sun watse ina zaune da tocila ina karantawa, shi ne maganar sunaye. Ni da ina jin sunayen nan ina ɗauka wasu manyan kalmomi ne na ilimi, ashe yawanci magana ce ta mutanen ƙauye irin tamu. Himalaya da tsohon harshen Indiya, Sanskirit, hima dusar ƙanƙara, alaya mazauni, gidan ƙanƙara ke nan kawai. Karakoram baƙar tsakuwa da harshen Turkawa. Tian Shan na Sin duwatsun sama. Mont Blanc na Faransa da Italiya farin dutse, ƙasar Montenegro baƙin dutse. Mutanen Sifen in sun ga duwatsu a jere da tsini-tsini sai su ce sierra, zarto ke nan na kafinta, don haƙoransa, Sierra Nevada kuma zarto mai ƙanƙara. Da na faɗa ma yaran wannan sai da na aika aka aro zarto wajen kafintan layinmu aka ɗaga shi a jikin bango, kowa ya ce ƙwarai kuwa haka suke. Tau ina bambancin wannan da yadda muke cewa Goron Dutse, ko Dutsin Safe da Dutsin Amare da muke da su nan cikin gari, ko babban birnin Jigawa da aka ce mashi Dutse aka huta? Dutsinma ma mutanen garin cewa suke wani maharbi ne mai suna Ma ya zauna kan dutsen, aka riƙa cewa dutsin Ma har ya bi gari. Launi, ko kama, ko wanda ya zauna wurin, ko'ina a duniya da waɗannan ake raɗa ma dutse suna.

Akwai waɗanda tarihi ne a dunƙule cikinsu. Jibralta da ke bakin mashigar Bahar Rum asalinsa Jabal Ɗariƙ, dutsen Ɗariƙu ɗan Ziyad, wanda ya ƙetara da rundunar Musulmi zuwa Andalus a shekarar 711, bakin Turawa ya tauna sunan ya koma haka. Saliyo daga Serra Lyoa, duwatsun zaki, sunan da wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal, Pedro de Sintra, ya sa ma duwatsun bakin tekun wajen 1462. Ƙasar Kenya sunan dutsenta ta ci, wanda Kikuyu ke kira Kirinyaga. Na Kamaru kuma a juye ne, 'yan Fotugal sun ga jatan lande da yawa a kogin Wuri suka ce kogin jatan lande, wato Camarões da harshensu, sunan ya bi ƙasa ya bi dutse. Atlas na Maroko da Aljeriya da Tunisiya, wanda ƙololuwarsa Tubkal ke da mita 4,167, sunan wani ƙato ne a tatsuniyar Girkawa da suka ce yana ɗauke da sama a kafaɗa, daga nan tekun Atlantika ya samu suna, daga nan kuma littafin taswira da muke ce ma atlas a makaranta. Wannan ya burge yaran sosai, ɗaya ya je ya ɗauko nasa na aji ya ce, Malam ashe wannan sunan dutse ne.

Wanda ya tsaya mani a rai shi ne na Everest. Mutanen Tibet na kiransa Comolungma tun kaka da kakanni, Nepal na ce mashi Sagarmata, amma a 1865 Turawan Ingila suka liƙa mashi sunan George Everest, tsohon shugaban ma'aikatan safiyo na Indiya, kuma shi ne duniya ta riƙe. Na biyunsa a tsawo K2 mai mita 8,611 ko suna ma ba a ba shi ba, lambar da mai awo ya rubuta a takardarsa ce a 1856 ta zauna. A Afirka ta Kudu Turawa suka ce Drakensberg, duwatsun dodo, alhali Zulu na da nasu, uKhahlamba, shingen mashi, wanda in ka ga hoton wurin ka san su suka fi kallonsa da kyau. Nan gida ma dutsen Dimlang na jerin Shebshi an daɗe ana rubuta shi Vogel Peak da sunan wani Bajamushe matafiyi. A nan zan yaba ma littafin, wurare da dama ya kawo suna biyun, na masu wuri da na baƙi.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Na farko, ɓangarenmu an yi mashi rowa. Duk Najeriya abu biyu aka rubuta, tudun Jos da tsaunukan Adamawa, shi ke nan. Babu Mandara da ke iyakarmu da Kamaru inda Sukur take, wurin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1999, babu Mambila, babu Shebshi, babu ko Chappal Waddi na Taraba wanda shi ne mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. A littafin kuma an ba tsaunukan Turai shafi bayan shafi, Afirka ta Yamma gaba ɗaya rabin shafi. Ko cewa Adamawa daga Modibbo Adama aka samo ba su faɗa ba, ko Futa Jalo da ke ɗauke da sunan mutanen Jalonke. Na san taswirar duniya ce ba za ta ɗauki komai ba, kuma ban sa ran ganin Dutsinma a ciki ba, amma wanda zai kawo kaya ya sayar a Katsina ya kamata a ce akwai irinta ta Najeriya ko ta Afirka. Na tambayi Alhaji ya ce ba a kawo masu.

Na biyu ya fi damuna a matsayina na malami. An ƙara ma duwatsun tsawo ƙwarai kuma ba a rubuta ko'ina cewa an ƙara ba. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne da ɗoriya, in ka matse shi cikin mita ɗaya Everest ba zai kai kwatan milimita ba, hannu ma ba zai ji shi ba, amma a nan na sa rula ya fi santimita ɗaya, an ninka shi wajen sau 50 ke nan. Dole a ƙara, in ba haka ba babu abin shafawa, wannan na yarda, amma a faɗa mana. Yaro in ba a gaya mashi ba zai tashi yana ɗauka Himalaya bango ne a tsaye. Ga kuma Girinlan, tsibirin nan na can arewa, da aka zana ta kusa kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

Na uku robar ba ta da kauri. Da zafin watan Afrilu ya kama, gefen da rana ke dukansa ta ƙofar zaure ya lanƙwashe, kusurwa ɗaya ta tsage wajen hujin ƙusa sai da na sa salatif na kuma liƙa mata kwali a baya. Duk wanda zai saya ya yi wannan tun ranar farko, ya kuma nisanta ta da rana. Ƙura kuma tana kwanciya cikin kwarin, tsumma ba ya fitar da ita, tsohon buroshin haƙori ne maganinta. Rubutun ƙanana ne, a kan tudun ma wasu haruffan sun miƙe sun karkace.

Hajiyarmu da ta ji hayaniyar yara ta fito ta ce a nuna mata Uhudu da Arfa. Na ce Hajiya ba za su fito a nan ba, Uhudu bai wuce mita 1,077 ba, Jabalur Rahma kuma daga ƙasa wajen mita 70 ne, sai dai ga jerin Hijaz nan gefen Bahar Maliya, na kama yatsanta na ɗora. Na gaya mata ma'anar Hijaz shamaki, don ya shiga tsakanin Najadu da bakin teku. Ta yi shiru tana shafawa ta ce, Allah ya maimaita mana, ta koma ciki.

Kawuna kau, ƙanin mahaifiyata, tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana bin Daura, Kwangwalam, Matamaye, Damagaram, Tanut har Agadas, yanzu ido ya yi rauni ba ya gane rubutu. Ya zo gaisuwa ranar wata Juma'a na sauko da taswirar na ɗora mashi a cinya, na sa hannunsa a kan Katsina na ce Kawu yi arewa. Ya bi a hankali, shimfiɗe, shimfiɗe, sai yatsa ya ci karo da ɗan tudu ya tsaya. Ya ce wannan Azbin ne. Na ce a nan Aïr suka rubuta. Ya ce eh haka Buzaye ke cewa, Ayar, nasu ne ba a yi ƙarya ba, amma mu Azbin muka sani, ko ba ka ji ana cewa Azbinawa ba, ko dokin Azbin? Daga nan fa ya buɗe, yaran duk suka zagaye shi, ya ba su labarin dutsen Bagazam da dawakinsa, da lambunan Timiya a tsakiyar duwatsu inda ake samun lemo da rumman, da ayarin raƙuma masu ɗauko gishirin Balma su sauko da shi ƙasar Hausa su koma da gero, da yadda Gobirawa ke cewa daga can kakanninsu suka taso. Na duba littafin, ƙololuwar Bagazam ɗin mita 2,022 ce, layi ɗaya aka ba ta. Ya ci gaba da shafawa ya yi gabas ya ji wani tudun da ya fi, na ce Tibesti ne na Cadi, Emi Kusi mita 3,415, babu wanda ya kai shi a duk Sahara, kuma emi ɗin dutse ke nan da harshen Tubawa, kamar yadda Buzaye ke cewa adrar. Ya ce can bai taɓa zuwa ba, amma ya yi lodi da waɗanda suka je.

Shawarata ga mai makaranta ko malami ko uban da ke da hali, a saya, ko da an haɗa kuɗi ne gida biyu ko uku, ni ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Sai dai kada a rataye ta can sama kamar kalanda inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta shafawa ce, kuma sai an zauna an fassara masu littafin da Hausa don Turancinsa ya yi masu nauyi.

Bayan Kawu ya tafi na ɗauko maka mai bakin siriri na rubuta Azbin a ƙarƙashin Aïr, na rubuta Mandara da Mambila da Chappal Waddi a inda suke, ɗiyata kuma ta aro jan farcen mamanta ta ɗiga ɗan ɗigo kudu da Katsina, da ya bushe ya ɗan taso ana jin sa da yatsa, ta ce wannan Dutsinma ne. Kawu ya ce Juma'a mai zuwa zai dawo, yaran sun riga sun rubuta tambayoyinsu a takarda, yawanci a kan raƙuma ne.